Sandar Malama da Inuwarta

A yi wa mai wannan rubutu afuwa. Yarinya ce da ko sunanta aka kira a aji sai murya ta maƙale mata, ba ta kuma taɓa rubuta abin da ya wuce aikin gida ba. Kunya ce ta ɗora mata biro a hannu, ba gwaninta ba.

Kullum Malamar lissafi kan riga kowa shigowa, jaka a kafaɗa, wata tsohuwar sanda a hannu. Mai gadi ya ce tun gashinsa na baƙi yake buɗe wa sandar nan ƙofa. Da hantsi ya ɗaga sai ta kora 'yan aji fili, ta kafa ta a ƙasa.

"Sanda mita ɗaya, inuwarta mita biyu. Dogo, matso. Ke 'Yar Guntuwa, fito daga bayan littafin nan."

Aka auna su, aka raba tsawon inuwar kowa da tsayinsa. Na Dogo ya ba da biyu. Na 'Yar Guntuwa, wato mai rubutun nan, shi ma biyu.

"Malama, ai na fi ta," in ji Dogo.

"Ka fi ta ci dai. Rana ba ta da ɗan gata. In tsayi ya ninka, inuwa ta ninka, amma biyun nan tana nan daram. Ita za ku riƙa nema, lambar da ba ta motsi."

Ran nan yarinyar ta koma gida tana taka ƙasa da ƙarfi, har yayarta ta tambaye ta ko tsayi ta ƙara a hanya. Wata nas da Malama ta koyar ma ta ce har yau, in za ta auna wa yaro magani gwargwadon nauyinsa, sandar nan take gani.

Sai ga ranar sallamar Malama, ta yi ritaya. Kujeru suka fi mutane yawa. Shugaban makaranta ya yi dogon bayani kan sabuwar katanga, ya tuna da Malama a ƙarshe. Da ya ce wa zai yi magana a madadin ɗalibai, kowa ya shiga kallon kwalin lemo. Yarinyar tana da magana cike da baki, amma takalminta ta tsura wa ido har aka tashi.

"Ba komai, 'ya'yana," in ji Malama. Ta jingine sandar a bayan ƙofa, ta ce a kakkaɓe yanar gizo da ita. Ta shiga ofis haɗa kayanta, za ta tafi ba wanda ya gode mata.

Malama, ke ce ginshiƙin da ba a yi wa fenti. Ke kika koyar da cewa in ɗaya ya ƙaru, ɗayan ya bi shi. Aikinki ya ninka ya sake ninkawa, godiyar ɗalibanki kuwa ta tsaya guntuwa kamar inuwar tsakar rana. An gode, Allah Ya saka da alheri. Masu riƙe da alli su yi koyi da ke, masu zama a benci kuma kada su yi koyi da ajin nan.

Yarinyar ta ɗauko sandar, ta kafa ta a bakin hanyar fita. Ta auna inuwar da tsakar rana ta gajarta, ta ja layi da alli a kan siminti, ta rubuta amsa: rabi.

Malama ta fito, ta yi turus. Ta sunkuya ta daɗe tana dubawa.

"Baba mai gadi, wa ya kafa wannan?"

"Ni ban ga kowa ba," ya ce, yana kallon sama.

"Sandar ta ɗan karkace," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Amma lissafin daidai ne."

Ta tuge sandar, ta maƙale ta a hammata, ta fasa barin ta. 'Yan aji suka fara taruwa a kanta. Yarinyar ta rungume littafinta, ta bi ta ƙaramar ƙofa, kafin wani ya lura da allin da ke yatsunta.