Kwana Huɗu Fitila Tana Nuna Kore

Ni ban yi makaranta ba. Da aka ƙone ƙauyenmu ta wajen Godogodo, na zo Kafanchan da riga ɗaya, fasto ya ba ni gadin ofishin coci. A ciki akwai kwamfutar da suke kira saba. Ita ke tura saƙo zuwa wayoyin mutanen ƙauyuka idan an ga masu makamai a daji. Kowace safiya kuma tana tura saƙon gwaji. Aikina in ta da janareto, in danna maɓalli, in ga fitila ta yi kore.

Wata ranar kasuwa ƙanwata ta shigo da doya a ka. Ita ta koma ƙauye da 'ya'yanta uku.

"Yaya, kun daina gaishe mu ne? Kwana huɗu wayata shiru."

Na duba fitilar. Kore. Duk kwanakin nan suna shiga gona da goyo, sun ɗauka shirun lafiya ne.

Na kira malamar da ke kula da na'urar. Ta daɗe tana dubawa. Ashe ta sauya wa lambobin mutane wuri, ba ta gyara umarnin da sabar ke karantawa lokacin tashi ba. Sabar ta nemi lambobi ta rasa, ta tashi abinta, babu wanda take tura wa komai.

Na ce, "Malama, ki sa ta ƙi tashi idan abu bai yi daidai ba. Ta faɗi abin da ya ɓaci."

"Baba, in ta ƙi tashi ai saƙo ba zai fita ba."

"Yanzu ya fita?"

Ta gyara sabar yadda na ce.

Lokacin girbi wata safiya sabar ta ƙi tashi. Fitila ja, rubutu layi biyu. Na ɗauki hotonsa na tura wa malamar, tana Kagoma wajen jana'iza. Na ari babur na kama hanyar daji, ina kallon kowane kurmi. Duk gonar da na tsaya magana ɗaya ce: yau kada ku dogara da waya.

A ƙauyenmu suka mayar da yara gida, suka sa mutum biyu gadi a kan dutse. Na hau na zauna da su. Wajen ƙarfe biyu malamar ta kira ta ce sabar ta tashi. Ban sauko ba sai da wayar wani dattijo ta yi ƙara a aljihunsa, saƙon gwaji ya shigo.