Inda Makara Za Ta Juya

Da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, yayana yana cikin ma'aikatan da suka dawo gida. Aikinsa zanen gine-gine. Bayan 'yan shekaru aka ba shi aikin sabunta unguwarmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda, shi da abokan aikinsa biyu, ɗaya mutumin Shinkafi, ɗaya mutumin Zurmi. Gidajen ƙasa ne a cushe, kuma duk damina sai katangar wani ta faɗi. Za a riƙa rushewa gida-gida ana sake ginawa da bulo a kan tsari ɗaya. Gidanmu ne na farko, don mutane su gani su yarda.

Teburi ɗaya suke zane a kai. Yaya ya ɗauki lunguna, na Zurmi magudanan ruwa, na Shinkafi kuma cikin gida. Lokacin ba a daɗe da fara aiki da Shari'a ba, maganar sutura ce a bakin kowa. Sai na Shinkafi ya zana shigifa mai kwana biyu tsakanin zaure da tsakar gida, yadda ko an bar ƙofa a buɗe, mai wucewa ba zai hangi mace tana daka ba. Duk wanda ya ga zanen ya yaba. Ni ma na yaba shi a wani shiri, don a gidan rediyo nake aiki a Gusau.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta karanta zane. Saboda haka wata Asabar da hantsi suka shata mata gidan da toka a filin bayanmu, daidai girmansa. Ta shiga ta zauren, ta bi shigifa, ta karya kwana ta farko, ta karya ta biyu. Sai ta tsaya.

"Wagga kwana, wa ya yi ta?"

"Ni ne, Inna," in ji na Shinkafi. "Don kada idon maza ya kai gare ku."

"Allah shi yi maka albarka. To, ta ina za ku hidda ni?"

Na Zurmi ya yi dariya. "Haba Inna, wa zai fidda ki? Ko an ce miki kora muka zo yi?"

"Ran da anka ɗauko makara nika nuhi."

Dariyar ta tsaya. Baƙin ba su san abin da ni da Yaya muka sani ba. Ranar da mahaifinmu ya rasu, makara ta kasa juyawa a ƙofar tsohon gidan. Sai da aka karkata shi aka miƙa shi ta kan katangar maƙwabci. Mata ba sa bin gawa, don haka ganin ƙarshe da Inna ta yi wa mijinta ke nan, kai ƙasa, ƙafa sama. Ba ta taɓa yin zancen ba.

Ta ce ba mai taɓa mata katanga sai ta ga makara ta bi ta nan da idonta.

Kwana uku suna gardama. Na Shinkafi ya ce in aka buɗa kwanar, ido zai shiga, aikinsa ya tashi a banza. Na Zurmi ya ce masa, "Malam, ka tsare mai rai ka manta da mamaci, kuma shi ma ta ƙofar zai bi." Yaya kuwa ya ɗauko zanen yana ta dubawa. Yana cikin waɗanda suka ɗaga makarar a wancan karon, kuma ya sa hannu a zanen bai tuna ba.

Asabar ta zagayo suka kafa sanduna a kan layin tokar, suka ɗaura zana ta zama bango. Da ƙyar liman ya ba mu aron makarar masallaci. Muna tafe da ita mata suna leƙowa suna tambayar wa ya rasu.

Mu huɗu muka saɓa ta, su uku da ni. A kwanar farko ta cije. Aka matsar da zana, ta wuce, ta cije a ta biyu. A karo na uku Yaya ya tuge sanda da hannunsa ya kafa ta cikin ɗakin da aka shata masa. Shigifar ta ƙara tsawo, ɗakinsa ya koma ɗan ƙarami. Na Shinkafi ya koma bakin zaure, ya duƙa, ya miƙe, ya leƙa ta kowace kusurwa. Bai hango Inna a tsakar gida ba.

Makarar ta wuce. Muka dubi Inna.

"Ba kowa ciki," ta ce. "Ku sa mata nauyi."

Aka ɗora buhun gero. Muka sake saɓawa daga ƙofar ɗakinta na toka, a hankali, kafaɗa tana jin jiki. Inna tana biye da mu tana duban katakon, ko zai karkata. Muka karya kwana ta ciki, muka karya ta waje, muka fito ta zaure a miƙe. Ta tsaya daga bakin shigifa, iyakar inda mace ke tsayawa.

"To," ta ce wa Yaya. "Ku maida wa liman kayanshi. Gobe ka zo da magina."