Takalmin da na shiga jarrabawa da shi

Sau biyu Turanci yana kayar da ni a jarrabawar gama sakandare. Baba ya ce na uku shi ne na ƙarshe. In na sake faɗuwa, ga keken ɗinki can a shagonsa yana jirana, in manta da zancen jami'a a Bosso. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne 'yan kalmomin nan masu maƙalewa a bayan aikatau, su on da off da out. Abu kamar ƙwayar gero, amma ya birkita miki jimla gaba ɗaya.

A gidan hayarmu na unguwar Barkin Sale akwai wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar malamar firamare, Mama muke ce mata. Ranar da ta tarar da ni ina hadda a tsakar gida, sai ta ƙwace littafin ta zauna a kai.

"Kai yarinya, tashi," in ji ta. Kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji. "Bar jikinka ya koya, bakinka ya gaji."

Ta sa ni in saka takalmi in ce put on, in cire in ce take off. In kashe risho in ce put out. Matan gidan suna wanke-wanke suna ta sheƙa dariya. Na yi zuciya na ƙi fitowa kwana biyu, ta biyo ni har ɗakinmu da takalmin a hannunta. Haka muka yi ta yi har damina ta sauka.

Ranar jarrabawa ban ma san ƙafata tana saka takalmi tana cirewa a ƙarƙashin benci ba, sai da mai sa ido ya tsaya a kaina ya ce in miƙo takalmin. Ya juya, ya karkaɗe, bai ga komai ba, ya mayar mini.

Kafin sakamako ya fito mijin Mama ya yi ritaya, suka kwashe kaya suka koma ƙauyensu. Lambar wayar da ta bari ba ta taɓa shiga ba. Na ci. Na dawo da takardar sakamakon a hannu na tsaya a ƙofar ɗakinta, wata baƙuwa ta leƙo ta tambaye ni wa nake nema.

Wallahi ina kewarta. Yanzu ni ma malama ce, ɗalibaina suna cire takalmi a aji suna yi mini dariya. Har yau ban sani ba ko wani ya gaya mata na ci.