Bangon da Na Rufa wa Asiri

Yaya Ilu, daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da na farka zuciyata take tafasa. Kai zan gaya wa, don kai ma magini ne, kuma hannun Baba ne ya koya mana aikin mu biyu.

Bari in fara da abin da ya faru ido biyu, don ka gane. Ka san inda nake aiki a ƙauyen nan na tsibirin Sisili a ƙasar Turawa, cibiyar taimakon jama'a ta wasu Kiristoci 'yan tsiraru da ake ce wa Baldesi. Akwai makarantar yara, da ɗakin shan magani, da gonar zaitun. Mutanen kirki ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Su suka ɗauke ni aikin gyare-gyare, kuma a kan wannan aikin takardar zamana a ƙasar nan ta rataya. Amma ginin nasu, Yaya! Babu bango ɗaya da ya miƙe. Wannan ya lanƙwashe, wancan ya karkace kamar zai faɗo wa mutum, taga ɗaya can sama, wata a gindin bango, rufi ya tashi gefe guda kamar karin hula. Kuma duk kankare ne tsirara, har sawun katakon da aka zuba shi a ciki yana nan ɓaro-ɓaro. Wata takwas ina wucewa ta gaban bangon ɗakin taronsu ina jin kunya a madadinsu. Na ɗauka ƙarfinsu ne ya ƙare kafin a kai ga filasta.

Ranar hutuna, sun tafi wani taro a birni, na kwaɓa siminti na yi wa bangon yaɓe sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Na ce wannan kyautata ce gare su. Da shugabar wurin, Madam Lidiya, ta dawo ta gani, sai ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Wai haka mai zanen ginin ya so shi tun kafin a haife ni, wai sawun katakon shi ne adon, wai hukuma ma ta hana a taɓa shi. Ranar Litinin masu duba tsofaffin gine-gine za su zo. In na cire yaɓen da hannuna kafin nan, aikina yana nan. In na ƙi, ta ce babu abin da za ta iya yi mini. Na ce mata a gidanmu ba a taɓa yin maginin da ya rushe aikin hannunsa ba. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To nawa dai ya faɗi, kuma a kaina ya faɗo.

To ga mafarkin. Na gan ni a tsakar cibiyar da rana tsaka, amma babu inuwa ko ɗaya, har bishiyoyin zaitun ba su da ita. Bangon da na yaɓe yana ta gumi. Mutanen ƙauyen sun jeru a gabansa, tsofaffin da ke zuwa awon jini da matan da ke tsintar zaitun, dukkansu suna magana da Hausa, murya ɗaya: "Kankare, kankare, kankare." Na ce musu, "Sunan bangon kuke kira, ko umarni kuke ba ni in kankare aikina?" Suka ci gaba da maimaita kalmar.

Sai kawai ga wani tsohon Bature da fensir a maƙale a kunne. Ban taɓa ganin ko hotonsa ba, amma na san shi ne mai zanen ginin. Na sha gabansa. Na ce, "Kai ka bar bango tsirara shekara da shekaru, yara suna wucewa suna gani, ni da na rufa masa asiri ni ne mai laifi? Wa ya koya maka gini? Ko igiyar awo ba ka da ita ne?" Ya zaro fensirin ya ja layi a cikin iska. Layin ya lanƙwashe, ya tsaya a nan, bai faɗo ba. Tsohon ya raɓa ta gefena ya wuce abinsa.

Sai kawai na hango Baba, Allah ya jiƙansa, a saman bangon. Ya hau shi yadda yake hawa in yana jera tubali, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, wando a naɗe har gwiwa. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce ga mai raba gardama ya zo. Na ɗaga murya na ce, "Baba, duba aikina. Ka ga tudu? Ka ga kwari? Gaya musu!" Ko kallona bai yi ba. Na ɗauki tubali na cilla masa kamar yadda muke yi, ya bar shi ya wuce ta gefen kafaɗarsa ya faɗa bayan bango, ban ji ƙarar saukarsa ba. Na sake cillawa, ya sake bari. Can sai ya sunkuyo ya miƙo mini guduma da cizal, ƙarfen sassaƙe bango.

Wallahi Yaya, ko a farke ban taɓa jin haushi irin wannan ba. Ubana, a gaban Turawa, ya bi bayansu! Don haushi na karɓa na kai wa bangon duka ɗaya. Yaɓen ya zubo gaba ɗaya. Abin da ke ƙarƙashi ba kankare ba ne. Jar ƙasa ce, bangon zaurenmu na Zariya, da sawun yatsun Baba layi-layi, yadda yake jan hannu a kan ɗanyen yaɓe, har da giɓin da karyayyen ɗan yatsansa yake bari. Na ɗora tafina a kai, na ji ƙasar da ɗumi. Na ɗaga kai, babu kowa a saman bangon. Nan na farka, hannuna a dunƙule, muƙamuƙina yana ciwo don cizon haƙori.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai. Shekarar da ka shafe zauren nan da siminti don a ce gidanmu ya waye, na ce maka ka binne Baba sau biyu, na yi shekara biyu ban ɗaga wayarka ba. Kai ma abin da ka ce ke nan, gyara ka yi.

Kada ka ɗauka na sauko. Bangonsu har gobe mummuna ne a idona, kuma yaɓena babu maginin da zai kushe shi. Amma yau Asabar, jibi za su zo. Ka fassara mini, Yaya. Baba cewa yake yi in fasa aikina in riƙe takardata, ko kuwa tun daga kabarinsa ya biyo ni har Sisili don kawai ya sa in ba ka haƙuri?