Tarin Fuka da Gidajen Layyata

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu suna tambaya ko na bar Injamena ne. Ina nan unguwarmu Farsha, ban je ko'ina ba. Ciwo ne ya kwantar da ni.

Waɗanda suka san ni sun san mahauci ne ni, ɗan mahauci. Abin ya fara da tari, na ɗora wa hayaƙin babbaka laifi. Sai zazzaɓin yamma, sai gumi ya riƙa jiƙa katifa, sai wando ya ƙi zama a ƙugu. Na sha citta da kanumfari har na gaji. Ranar da jini ya fito a kakina, matata ba ta nemi shawarata ba, mai babur kawai ta kira.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ba ni 'yar kwalba na tofa. Tarin fuka ne. Na tsorata ƙwarai. Maganin kyauta ake bayarwa, amma hoto da kuɗin mota da cefane sun ci rabin jarina. Likita ta ce, "Wata shida za ka sha, ko da ka ji garau. Wuƙa kuma ka ajiye ta tukuna."

Ƙanena Habu ya karɓi teburina. Ni na koya masa aikin.

A sana'armu kowane mahauci yana da gidajensa na Layya. Maigida ya yanka ragonsa, kai kuma ka feɗe, ka gyara, ka sara. Gadonsu ake yi. Nawa daga Baba na gada, babbansu kuwa gidan wata Hajiya ne a cikin gari, 'yan kasuwa tun kaka da kakanni.

Ina kwance aka yi sunan jikarta, Habu ya je a madadina. Ya dawo da kwalin dabino, yana murna.

"Yaya, Hajiya tana gaishe ka. Wai ta ce hannuna irin na Baba ne."

Na ce masha Allah. Shekara da shekaru ina yi wa matar nan aiki, ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗa mini haka ba.

Daga ranar komai na Habu ya zame mini abin haushi. Ya shigo da kumatunsa cike, ni ina ƙirga haƙarƙarina. Ya zauna ya tashi da kwanon tuwo, ni loma biyu sai amai. Kullum da safe yana kawo mini hanta don jini ya dawo, ni kuwa sai in juya ta ina neman inda wuƙarsa ta karkace. Ba ta karkace ba. Wannan ma ya ƙona mini rai.

Hassada ce. Na san sunanta, na kuma ci gaba da yi.

Da Layya ta matso, tari ya lafa, amma ƙwayoyin suna kashe mini jiki, gaɓoɓi suna ciwo. Sai na daina sha a ɓoye, wai don in sami ƙarfin riƙe wuƙa. Ranar Sallah aka sauko daga idi, na ɗauki jakar wuƙaƙena na riga Habu isa gidan Hajiya.

Rago na farko ma ban gama buɗe shi ba. Tari ya sarƙe ni, na durƙusa a tsakar gida, jini a gaban farar rigata, jikoki sun tsaya suna kallo. Na ji Hajiya tana cewa a janye naman daga kusa da ni. Da gaskiyarta, amma har yau maganar tana yi mini zafi.

Habu ne ya goya ni zuwa bakin titi. Ya rasa aikin ranar gaba ɗaya.

Aka kwantar da ni, aka sake gwaji, aka koma farko da magani. Likita ta ce, "Ka yi sa'a ciwon bai bijire wa ƙwayar ba. Me ka je nema?"

Limamin unguwarmu kaɗai na iya faɗa wa gaskiya, da ya zo dubiya. Na ce, "Malam, ƙanena nake wa ƙyashi, kuma na kasa dainawa." Na zaci zai yi mini faɗa. Cewa ya yi, "Ba kai kaɗai abin ke taso wa ba. Kada dai ka ba shi hannu, kada ka ba shi baki. Duk sanda ya motsa, ka roƙa wa Habu ƙari."

Na fara. Da farko da ƙyar addu'ar take fitowa. Na haɗa ta da ƙwayar safe, in haɗiyi wannan in faɗi waccan.

Yanzu gwaji ya fito fes, alhamdu lillahi. Na koma tebur. Ƙyashin bai mutu ba, kada in yi muku ƙarya. Ya dai rage baki, kuma na daina yi masa aike.

Na gode wa Allah, na gode wa matata, da ma'aikatan jinya, da ku da kuka yi ta addu'a. Tari in ya daɗe, ku je a gwada. In an ɗora ku a magani, ku kai shi ƙarshe, ko mene ne yake kiranku waje.

Makon jiya Hajiya ta buga mini waya. Ta yi mini barka, ta yi ta kewaye-kewaye, na gane abin da take jin nauyin tambaya.

Na ce, "Hajiya, ki rubuta lambar Habu. Shi zai riƙa zuwa muku."

Na karanta mata. Da ta kashe na ce Allah ya ƙara masa, sai da na maimaita kafin ta fito daidai.