Ledar da Ban Ɓare Ba

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili a wannan shafi in amayar da abin da ya daɗe yana cina. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

A lokacin da abin ya faru ina da shago a layin masu sayar da waya a Funtua, sana'ata haɗa kwamfutar tebur. In sayo akwati daban, madabod (allon da ake dasa komai a kai) daban, furosesa (ƙwaƙwalwar injin) da fanka da ƙarfen sanyaya ta daban, in zauna in ɗaure su su zama inji guda. Na iya aikin, wannan ba cika baki ba ne. Sai dai kaina ya fasu, ga saurin fushi, ga baki. Abin tinƙahona shi ne kayana sababbi ne fil a leda. Kun san halinmu: mutum ya sayi babur ko talabijin, ledar na nan manne shekara guda don a san sabo ya saya. Ni ma haka nake miƙa wa mai kaya injinsa, gilashin akwati da ledarsa, fanka da ledarta, ban ɓare ko ɗaya, don shi ya ɓare da hannunsa ya ji daɗi.

Shago uku tsakanina da wani abokin sana'a, ɗan 'yan kasuwar kudu amma haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar shi ya koya mini. Shi kayan tokumbo na hannu yake haɗawa, tsofaffin akwatunan ƙarfe marasa fasali, ya huda musu gefe ya manna raga saboda gashin audugar da iska ke kwasowa daga wuraren gurza. Na tsane shi, in faɗi gaskiya. Bai taɓa zagina ba, kuma wannan ɗin ma haushi yake ba ni. Injinansa munana ne amma ba a dawo masa da su, mutane kuwa sai yabonsa suke a gabana kamar da gayya. In ya gaishe ni sai in amsa a ciki, in ya wuce in ce wa na kusa da ni ga mai tattara bola nan.

Ana nan wani Alhaji manomin masara daga Malumfashi ya zo ya ce in haɗa wa 'yarsa inji mai ƙarfi, tana karatun zanen gine-gine. Na zage na haɗa abin da ban taɓa haɗa irinsa ba: akwati mai gilashi, fanka shida masu fitilu kala-kala, ƙarfen sanyaya ƙato kamar bulo. Ranar da za a ɗauka sai da na ajiye shi a bakin shago na kunna, don mutumin nan ya gani ya ji ciwo. Ba a yi sati biyu ba Alhaji ya dawo da shi a bayan mota, wai da yarinyar ta fara zane sai fankokin su hau gurnani, can injin ya ɗauke ɗif. An yi rashin sa'a na tafi Kano sayen kaya, sai aka nuna masa shagon maƙwabcin nawa. Shi kuma ya buɗe gefen akwatin, ya hure ƙura, ya kunna ya duba, ya ce wa Alhaji furosesa ce ke ɗaukar zafi, sai an ɗaga ƙarfen sanyayar an ga abin da ke ƙasa, amma ba zai kwance aikin wani ba, a jira wanda ya haɗa ya dawo.

Da na dawo na ji labari, wallahi idona ya rufe. Wato ni za a gaya wa aikina da gyara, kuma shi ne zai faɗa? Ko taɓa injin ban yi ba na fita tsakiyar layi ina kumfar baki, na ce ya buɗe ne ya sace furosesa sabuwa ya sa tasa ta bola. Ya fito ya ce in ji tsoron Allah, mu buɗe tare a gaban jama'a yanzu-yanzu. Na ce ai ya riga ya gama aika-aikarsa, me kuma za a gani? Nan da nan mutane suka taru, kuma kun san mu, ba mai tambayar hujja in an ce ɓarawo. Waɗanda jiya suke cin abinci kwano ɗaya da shi su ne a gaba wajen ihu. Shugabannin layi suka zauna da mu, na rantse na kuma maya, Alhaji ya goyi bayana, aka ce ya rufe shago kwana uku. Na tuna yadda ya tsaya yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja ƙofarsa ya sa kwaɗo.

Washegari da hantsi na kwance injin ni kaɗai. Na ɗaga ƙarfen sanyayar, ga furosesata nan daram, wadda na sa da hannuna. A gindin ƙarfen kuwa, daidai inda ya kamata ya taɓa furosesa ya kwashe zafinta, ga wata 'yar siririyar leda ta yamutse ta yi baƙi-baƙi, da jan rubutu a kanta cewa a cire kafin a ɗaura. Ni na bar ta. Hannuna ya saba barin leda a kan komai, na shafa man sanyaya a kanta na ɗaure sukurori ina waƙa. Innalillahi! Na ɓare ta, na goge, na sake shafa mai, injin ya tashi lafiya lau ko tari babu.

Nan ne Allah ya ba ni damar gyarawa, ni kuma na zaɓi abin da ya fi na farko muni. Na kira Alhaji na ce masa na maye gurbin furosesar da aka sace da wata sabuwa, kyauta. Ya yi ta sa mini albarka, ya kai labarin har Malumfashi da Dayi, cewa ga yaron kirki ga kuma macuci. Maƙwabcina ya buɗe shago, amma ba mai kawo masa ko linzamin kwamfuta. Ina kallonsa yana wuni zaune, kuma kada in yi muku ƙarya, a farkon kwanakin daɗi nake ji. Bayan wasu watanni na zo na tarar an kwashe kayansa, shagon wayam.

Sai da shekara ta zagayo na iya buɗe baki. Na fara da shugabannin layi, suka ce abin da ya wuce ya wuce, kada in tayar da zaune tsaye. Ka ji marasa kunya, su da suka yi hukuncin! Na je na faɗa wa Alhaji, ya kalle ni sama da ƙasa ya shige gida. Daga nan na nufi kasuwa wurin mahaifiyarsa mai sayar da gari da manja, na durƙusa na ce Mama na zo neman gafara, na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta daina auna wa mai saye gari ba har na gama. Sannan ta ce ba kiran ɓarawo ne ya kori ɗanta ba, don ya san bai ɗauka ba. Abin da ya kore shi shi ne kalmar da na jefa masa a tsakiyar taro, wadda ni har na manta na faɗa, cewa su tattara su koma garinsu. Ta ce ranar ya dawo gida ya tambaye ta wane gari ke nan, shi da aka binne cibiyarsa a nan, ubansa ma a nan yake kwance. Ta ce ba ta da amsa a ranar, ko ni na zo da ita? Na roƙi lambarsa, ta ce in tashi in ba masu saye wuri.

Abin da na koya shi ne ƙiyayya ta riga laifi zuwa. Na daɗe da yanke masa hukunci a zuciyata, dalili kawai nake jira. Ku 'yan uwana masu haɗa inji, in aiki ya dawo ku fara ɗaga abin da hannunku ya ɗaure kafin ku ɗaga murya. Ku kuma masu rugowa da an ce ɓarawo, ku tambayi mai ihun ko ya buɗe ya duba, don irina suna da yawa. Injin nan har yau yana aiki a Malumfashi, ni ina shagona ana kawo mini ciniki. Shi kuwa yana can wani gari inda yanzu da gaske baƙo ne, kuma ni na kai shi.