Mai Auna Ƙanƙara

Tun da aka kafa duniya, ba a taɓa yi wa ilimi fashi irin wanda aka yi masa a ƙofar gidan wani dattijon falken shanu a Haɗejiya ba. Ilimin nawa ne.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a firamare. Bayan la'asar dattawa kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, duk tambayar da ta wuce Kano ni ake juyo wa. Ni na yanke hukunci kan ko Masar ta fi Makka nisa, ba wanda ya ɗaukaka ƙara.

Sai ga wani abokin karatuna ya dawo hutu daga Ingila, a shekarun farin nan da kogi ya ƙi shiga fadamun Auyo. A aji bayana yake zama, rabin taswirorinsa ma ni na zana. Ya ce aikinsu auna ƙanƙarar ƙarshen duniya ta kudu. Jirgin sama ke bi ta kanta da wata na'ura, rada, tana aika sautin rediyo ƙasa, ya ratsa ƙanƙarar, ya bugi dutse, ya dawo. Daga jinkirin dawowar ake gane kaurinta, da ko tana narkewa.

Na ce, "Wato gorar mai kwale-kwale ce aka yi wa fukafukai."

Ba wanda ya yi dariya. Mai gidan ma gyara zama ya yi, ya ba ni ƙeya.

"Ɗan nan, in ta narke, ruwan zai iso mana?"

Na yi wuf na ce, "Baba, teku zai tafi. Mu kuwa muna tudu, nesa da teku."

"Malam, ba kai aka tambaya ba."

Abokin nawa ya sosa kai, ya ce, "To, Baba, ruwa dai na Allah ne."

Aka ɗauki salati. Wani mai shinkafa har da hawaye. Ni da na kawo amsar da ke cikin littafi, sai aka aike ni ciko buta.

Haka hutun ya ƙare ina zaune a gefen tabarma, ƙafata ɗaya a ƙasa, ina jin ana tambayarsa ko can ma ana kiwo. Da ya tafi ban samu wurina ba, kowace tambaya sai a ce a ajiye masa.

Ni na raka shi tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, don in tabbatar ya tafi. Muna jira, na daure na ce, "Mutumina, tsakani da Allah, yaya ƙanƙarar take daga sama?"

Ya ce, "Ina na sani? Ni fim ɗin hotunan da suka ɗauko da na'urar nake wankewa, a wani ɗaki marar taga a Ingila."

Ko filin jirgin saman nasu bai taɓa zuwa ba.